Wifi ko waifai?

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Maraɗi sayen talho ya san cewa kaya guda yakan amsa suna biyu. Ma'aikacin da ya yi lakwal yana cewa wifi da u-es-be, ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Kano kuwa yana cewa waifai da yu-es-bi. Ciniki dai yana faɗawa, amma wani lokaci sai an haɗa da nuni da yatsa.

Tushen abin yana Faransa. Bafaranshe yakan karanta kalmar ingilishi da muryar baƙaƙen harshensa. Harafin i ya bar shi i, shi ya sa waifai ta koma wifi. Harafin h ba ya fita a bakinsa, th kuma ya mai da shi s ko t, har Bluetooth ta zama blutus. Nauyin murya kuwa kullum a gaɓar ƙarshe yake sauke shi. Inda suka iya, Faransawa sun ƙera nasu: a 1955 wani malamin jami'ar Sorbonne, Jacques Perret, ya ba kamfanin IBM kalmar ordinateur, a 1994 aka yi dokar Toubon don kare faransanci, a 2003 hukuma ta karɓi courriel, wadda ta zo daga Kebek. Duk da haka mutanen Paris ba su daina cewa mel ba.

Wannan lafazi ne Nijar ta gada ta hanyar lakwal da biro, kuma babu abin kunya a cikinsa. Kowane harshe yakan sassaƙa baƙuwar kalma daidai bakinsa. Haka Hausa ta yi da mota da asibiti.

Amma tun 2025, da kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki, maganar ta wuce raha. Masu fassara da ma'aikatan rediyo da malaman yaƙi da jahilci dole su san abin da za su rubuta. Dattijon da ya koyi karatu da girmansa yana bin baƙi da wasali ɗaya bayan ɗaya. In aka ajiye masa rubutun ingilishi, nan zai tsaya.

Abin da ya dace shi ne a rubuta kalma yadda ake faɗinta. Wadda ta riga ta zauna cikin littattafai da labarun Hausa, kamar kwamfuta da intanet, a ɗauke ta, domin littafin da aka buga a Zariya ana karanta shi a Damagaram. Wifi kuwa gajeriya ce, ta kuma kama bakin jama'a daga Tawa har Yamai, sai a bar ta. Saura hukumomin ilimi su zauna da ƴan jarida su tsai da jeri guda, a raba shi ga cibiyoyin karatun manya kafin a buga sababbin littattafai.