A Mai da Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi Majigin Zane

Duk wanda ya yi firamare a ƙasar Hausa ya san Ganɗoki, ya san Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya kuma san Iliya da dokinsa Ƙwalele. Ƙannenmu na yanzu kuwa, waɗanda ke zaune gaban akwatin talabijin ko wayar hannu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, sun fi sanin kyanwa da ɓeran nan na Amurka. Ban ga laifinsu ba, domin abin da aka ajiye gabansu shi suka ɗauka. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a mai da littattafanmu na ƙagaggun labarai masu ban al'ajabi su zama majigin zane, watau abin da yara ke kira katun, kuma aikin nan namu ne, mu ɗaliban Hausa, kafin ya zama na kowa.

Cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fara samun shiga majigi, a hannun Adamu Halilu, a 1976. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Labarin Shaihu Umar na mutane ne da raƙuma da hamada, duk abubuwan da na'urar ɗaukar hoto za ta iya samu ta ɗauka. To, ina za a samo aljannun da Ganɗoki ya yi hulɗa da su a littafin Muhammadu Bello Kagara? Wa zai gina birnin Kib na Sarki Waldima? Da wace dukiya za a ɗauki Kilba a tashi da shi sararin samaniya tare da Kolin Koliyo, kamar yadda Umaru Dembo ya tsara a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969? Mun sha ganin yadda aljani ke fitowa a finafinanmu: a shafa wa mutum toka, a lulluɓa masa farin ƙyalle, mai kallo ya bushe da dariya a wurin da ya kamata gabansa ya faɗi. Ga mai zane kuwa, kuɗin zana aljani da na zana akuya ɗaya ne.

Wani abin takaici ma, labarin Iliya da Ahmadu Ingawa ya mayar ɗan gida, asalinsa na jarumin Rasha ne, Ilya Muromets, kuma mutanen Rasha sun mai da nasu majigin zane a 2007. Namu Iliyan yana nan kwance cikin takarda, kamar yadda ya kwanta gurgu a gidan iyayensa kafin ƙarfi ya zo masa.

Na san za a ce aikin na masu kuɗi ne. Haƙiƙa yana da wuya. In an yi zane 12 domin kowace daƙiƙa, majigin minti 90 zai ci zane 64,800. Amma a dubi Lotte Reiniger, wata Bajamushiya da ta fitar da labarin Yarima Ahmed daga Dare Dubu da Ɗaya a 1926. Da almakashi ta yanka mutanenta daga kwali, ta haska fitila daga ƙasa, inuwarsu kawai ake gani, ita da 'yan mutane ƙalilan cikin shekara uku. Har yau shi ne dogon majigin zane mafi tsufa da ya rage a duniya. In kuma an ce wannan Turai ce, to, ga maƙwabcinmu Mustafa Alasan na Nijar, wanda ya yi Bon Voyage Sim a 1966, inda ya sa kwaɗi suka yi wa shugabannin Afirka shaguɓe, ya yi Samba le Grand da 'yan tsana a 1977, ya kuma zauna a Tawa yana wannan sana'a. Ya rasu a 2015, alhali yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa a aji ba. Abin da ya yi da hannu, yau yaro mai kwamfuta zai yi shi a ɗaki guda.

Wannan batu na ɗaki guda ba ƙarami ba ne ga mutumin Zamfara. Halin tsaron da muke ciki ya sa babu mai hankalin da zai kwashi 'yan wasa da kaya ya shiga daji ɗaukar hoto. Amma Dutsen Kwatarkwashi yana nan bakin hanya tsakanin Gusau da Tsafe, da mikiyoyinsa da labaran iskokinsa da tsofaffi ke bayarwa, ga kuma 'Yandoto, tsohon garin malamai. Mai zane zai zauna ya zana su yadda suke, ya sa Ganɗoki ya ratsa ta gindinsu. Yaron Bunguɗu da ya ga dutsen garinsu cikin majigi zai san cewa abin al'ajabi ba sai a ƙasar wasu yake faruwa ba.

Sai dai akwai haɗari, kuma a nan ne nake ganin aikin ya zama namu. Ƙarfin waɗannan littattafai a baki yake. Abin da ke sa mutum ya riƙe ciki in yana karanta Ruwan Bagaja shi ne yadda Abubakar Imam ke juya magana tsakanin Alhaji da Zurƙe. Ganɗoki in an cire masa kirari ya zama ƙaton banza mai takobi. Mai zanen da bai san wannan ba zai cika majigi da sara da suka da walƙiya, ya zubar da maganar, ya ba mu gangar jiki ba rai. Wasu sun riga mu faɗawa wannan rami. A 2006 wani kamfanin Japan ya mai da littattafan Earthsea majigin zane, zanen ya yi kyau, amma marubuciyar, Ursula Le Guin, ta fito fili ta nuna ba labarinta ta gani ba. Ralph Bakshi kuma ya rungumi The Lord of the Rings a 1978, ya kai wajen rabi, kashi na biyu bai taɓa fitowa daga hannunsa ba. Kowa ya haɗiyi taɓarya, ya kwana tsaye.

Saboda haka sai a fara da kaɗan. A ɗauki wasa guda cikin wasannin Alhaji Imam da Zurƙe, na minti biyar, ɗalibin adabi ya tsara maganar, ɗalibin harshe ya kula da karin muryar, mai zane ya zana. Kada kuma a tilasta wa kowane baki Kananci. In ɗan wasan Bazamfare ne, a bar shi ya ce "shi taho" abinsa, Hausa ce. Wajibi ne a nemi izinin kamfanin NNPC na Zariya da magadan marubutan tun kafin a ja layi ɗaya. Batun hukuncin zana mai rai kuwa, wanda na san yana cikin zukatan da yawa daga masu karatu, a kai shi gaban malamai da ladabi, a nuna musu har da irin aikin Reiniger, inda inuwa kawai ake gani.

Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta kundayen neman digiri a kan jigo da salon waɗannan littattafai, a ɗaure su da baƙin bango, a jera a kanta. Ina roƙon malamanmu su yarda ko da mutum biyu cikin 'yan ajin ƙarshe su miƙa tsarin majigin babi ɗaya na Ganɗoki a matsayin kundinsu, a gwada su a kansa kamar yadda ake gwada kowa.