KO KWAS NA RABIN YINI YA ISA YA CANJA HALI?

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce da ta yaɗu cikin ma'aikatun Amurka da Ingila, watau tara ma'aikata a yi musu kwas don su daina wulakanta mutum saboda launin fatarsa. Ku da kuke riƙe da alƙalami a ofis da makaranta, ku auna zancen nan.

Ran 12 ga watan Afrilu na 2018, a birnin Filadelfiya na Amurka, waɗansu samari biyu baƙaƙen fata suka shiga gidan shan gahawa na kamfanin Starbucks, suka zauna suna jiran wani da za su yi maganar ciniki da shi. Da yake ba su sayi kome ba, sai manajar wurin ta kira 'yan sanda, aka sa musu ankwa aka fita da su. Wata da ke wurin ta ɗauki hoton abin da wayarta, labari ya game duniya. Shugaban kamfanin, Kevin Johnson, ya nemi gafararsu. Ran 29 ga watan Mayu kuwa aka rufe kantunan kamfanin fiye da 8,000 da rana tsaka, aka zaunar da ma'aikata wajen 175,000 ana koya musu yadda raini kan shiga zuciyar mutum ba da saninsa ba.

Kada wani ya ce cutar da ake nema wa magani ƙage ce. A 2004 waɗansu malamai biyu, Bertrand da Mullainathan, sun bayyana wani gwaji da suka yi a biranen Boston da Shikago. Sun aika da takardun neman aiki kusan 5,000, ilmi da gwaninta daidai wa daida, sai dai sunan da ke kai. Mai suna irin na Turawa yakan sami kira ɗaya cikin takardu kamar 10, mai suna irin na baƙaƙe kuwa sai ya aika kamar 15. Akawun da ya ware takardun bai zagi kowa ba, watakila ma ya rantse zuciyarsa fara ce, amma ga wani magidanci can ya rasa abinci.

To, kwas ɗin yana magani? A 2016 Frank Dobbin na Jami'ar Harvard da Alexandra Kalev ta Jami'ar Tel Aviv sun bayyana abin da suka gano cikin lissafin kamfanonin Amurka fiye da 800 na tsawon shekara 30. Inda aka tilasta wa manyan ma'aikata shiga kwas, bayan shekara 5 baƙaƙe maza ba su ƙaru cikin shugabanni ba, mata baƙaƙe ma raguwa suka yi da kashi 9 cikin 100. Inda aka bar wa mutum zaɓi kuwa, sai aka sami ƙari. Dalili a fili yake. Wanda aka kora zuwa aji kamar mai laifi, zama zai yi yana lissafin lokacin tashi, ya fita da haushi. Gwamnatin Ingila ma, a watan Disamba na 2020, ta ba da sanarwa za ta bar yi wa ma'aikatanta irin wannan kwas, domin ba ta ga shaidar yana canja hali ba. Ashe gaskiyar mutanen da, wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Amma fa wannan bai zama hujjar a naɗe hannu ba. Malaman nan biyu sun nuna abin da ke aiki. Na farko, a haɗa babban ma'aikaci da ƙarami, ya riƙe shi kamar yadda malami kan riƙe almajirinsa, ya koya masa, ya tsaya masa ranar ƙarin girma. Na biyu, a kafa kwamiti na shugabannin sassa wanda zai riƙa duba lissafi, nawa aka ɗauka, nawa aka ƙara wa girma, su wa aka bari a baya. Mutum in ya san za a tambaye shi dalilin zaɓinsa, sai ya yi hankali. Na uku, a sa mutane iri dabam dabam su yi aiki ɗaya kafaɗa da kafaɗa, domin wanda kuka sha wahala tare da wuya ka raina shi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, kwas share fage ne kawai, ba shi ne noman ba. Ma'aikatar da ta ce ta yi wa mutanenta horo, a tambaye ta littafin ɗaukar aiki da na ƙarin girma, a nan gaskiya take. Kai kuma akawu, ranar da takardun masu neman aiki suka zo gabanka, rufe sunan da ke kai da tafin hannunka, ka karanta sauran tukuna. Malam, yi haka ran duba jarrabawa.

Wanda ya ga gyara cikin zancen nan, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto mu ji. Haza wasalam.