Kallon itatuwa yana rage wa maras lafiya zafi

Ƴan'uwa manoma da masu lambu, mun san amfanin ice: inuwa, ƴaƴa, makamashi da magani. Amma akwai wani amfani da ba mu cika ambata ba. Kallonsa kawai yana kwantar da hankali, har yana taimakon jiki.

A shekarar 1984, wani masani a Amurka mai suna Roger Ulrich ya binciki takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa fiɗa a ciki. Tagar mutum 23 tana kallon itatuwa, tagar sauran 23 tana kallon bango. Masu kallon itatuwa sun yi kamar kwana 8 a asibiti, masu kallon bango kusan kwana 9. Na farko kuma ba su sha maganin zafi mai ƙarfi da yawa ba.

To, wanda ba shi da taga fa? Hoto ma yana aiki. A 2025, masana a jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya sun gwada mutum 49. An ɗan ja su da lantarki a hannu, suna kallon hoton bidiyo na tafki da itatuwa, ko na birni, ko na ofis. Da suka kalli tafkin, sai suka ce zafin ya ragu. Na'urar duba ƙwaƙwalwa ita ma ta nuna haka. Idan ido ya huta, tsoro yana raguwa, bugun zuciya yana lafawa.

Saboda haka muna ganin ya kamata ɗakunan jinya da gidajen haihuwa na Yamai su samu hotuna a bango. Abin ba tsada gare shi ba. Tsohuwar kalanda mai hoton kogin Isa, ko raƙuman dawa na Kure, ko gonar hatsi a watan Agusta, ta isa. Wanda yake jinyar tsoho a gida ya juya masa gado wajen ƙofa, ya riƙa ganin icen tsakar gida. Mai salula ya nuna masa hoton garinsu da damina. Mutumin ƙauye da ciwo ya kawo birni, kewar gida ma wani ciwo ne.

A nan sai mu ja kunne. Hoto ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da tarin fuka. Taimako ne kawai. Kada kowa ya fasa zuwa wurin likita ko ya bar shan ƙwayoyinsa.

Kuma hoto bai kai icen gaske ba, don ba shi da inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewayen Yamai, don ya tare iska da ƙura. Yau an sare da yawa, an yi gine-gine a wurin. Wannan abin takaici ne, alhali manoman Maraɗi da Damagaram sun raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, ba tare da sun sayi ko ɗan ice ɗaya ba.

Tun 1975 ake dashen itatuwa ran 3 ga Agusta. Bana, kowace unguwa ta dasa nata daidai tagar ɗakin shan magani, ta yi masa shinge saboda awaki, ta sa wanda zai ba shi ruwa har rani ya wuce.