Filin Wasanni: Mai Hannu Ɗaya a Kasuwar 'Yan Ƙwallon Amurka

A ƙasar Amurka akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa, amma kada mai karatu ya ɗauka irin tamu ce. Tasu ƙwallon mai siffar ƙwai ce, a hannu ake rungumarta a sheƙa da gudu, abokan karawa kuma su tare mutum su ka da shi. Kowace shekara a ƙarshen watan Afrilu, manyan kulob 32 na ƙungiyar NFL sukan zaɓi samari daga jami'o'i har zagaye bakwai, kulob ɗin da ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara ɗauka. Wanda aka kira da wuri ya yi arziki. Wanda aka bari sai can ƙarshe kuwa, ko gurbi ba a tabbatar masa ba.

A zaɓen 2018 an sha muhawara a kan wani saurayi, Shaquem Griffin, na jami'ar Central Florida. Aikinsa tsaro ne a bayan sahun gaba, wato abin da suke ce wa lainbaka. Mai wannan matsayi shi ke tare mai gudu da ƙwallo, ya far wa mai jefa ta, wani lokaci kuma ya bi mai cafe ta. Duk aikin hannu ne, ture wannan, damƙe wancan. Shi kuwa Griffin tun yana ɗan shekara 4 aka yanke masa hannun hagu, saboda wata larura da ya zo da ita daga ciki.

A jami'a dai babu abin da za a ce. A 2016 shi aka zaɓa gwanin masu tsaro na rukunin jami'o'insu, a kakar 2017 kuma ƙungiyarsa ta buga wasa 13 ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Duk da haka da farko ba a gayyace shi babban gwajin da ake yi a birnin Indianapolis ba, inda ake auna tsawon kowa da nauyinsa da gudunsa, kamar yadda mai sayen doki ke duba haƙori da kofato. Da gayyatar ta zo daga baya, sai ya ɗaura hannun roba ya ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 har sau 20, sa'an nan ya gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.38. Tun 2003 ba a ga lainbakan da ya yi wannan gudu a wurin ba.

To, a nan ne 'yan kallo suka ruɗe, suka ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa agogo gudu kaɗai yake aunawa, gudun ma a miƙe, ba kowa a gaba. Abin da ya fi damun masu tantancewa shi ne jikinsa. Nauyinsa kilo 103 ne, ƙartin da za su tare shi a NFL kuwa galibi sun haura kilo 135. Ya yi ƙanƙanta a sa shi gaba ya yi ta ture-ture da su, tsaron can baya kuma ba nan ya yi suna ba. Ɗan wasan da ba a san inda za a tsayar da shi ba, kome gudunsa, farashinsa yakan faɗi, ko da hannunsa biyu.

Ran 28 ga Afrilu kulob ɗin Seattle Seahawks ya ɗauke shi a zagaye na biyar, mutum na 141, ya je ya tarar da ɗan tagwayensa Shaquill, wanda aka ɗauka a 2017. Masu cewa an raina shi sun yi yawa a lokacin, amma idan za a faɗi gaskiya, kuɗin ya yi daidai da kayan. An fara wasan farko na kakar 2018 da shi a Denver, bai ji da daɗi ba, daga nan yawancin aikinsa ya koma cikin masu rugawa su tare ƙwallon da aka buga da ƙafa. A watan Janairu na 2020 ya ka da shahararren mai jefa ƙwallo Aaron Rodgers a wasan neman kofi. Ya yi kaka uku a Seattle, ya ajiye wasa a 2022.