Rufin asiri ko rufa-rufa? Darasi daga rayuwar Thomas Matter

Da yawa daga cikin masu karatunmu ba su taɓa jin sunan Thomas Matter ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ɗan majalisa ne a ƙasar Suwizalan, ƙasar da yawancinmu ba mu santa da komai ba sai agogo da cakulan da bankuna. Amma abin da mutumin nan ya kwashe shekaru yana fafutuka a kai ya shafe mu, don haka na ga ya dace mu tsaya mu dube shi.

An haifi Matter a shekarar 1966. Ya fara da koyon aikin banki tun yana matashi, irin koyon sana'ar nan da ƙasarsu ta shahara da shi, inda yaro ke raba makonsa tsakanin aji da wurin aiki. A 1994, bai kai shekara 30 ba, yana cikin waɗanda suka kafa bankin Swissfirst. A 2005 bankin ya haɗe da wani mai suna Bellevue, farashin hannun jarinsa ya yi sama. Daga nan rigima ta tashi, domin wasu asusun fansho sun sayar da hannun jarinsu dab da haɗewar, wato ribar ta wuce su. Jaridu suka yi ca a kansa, a 2006 ya sauka daga shugabancin bankin. Daga baya masu gabatar da ƙara suka rufe binciken ba tare da sun gurfanar da shi ba. A 2011 ya sake buɗe wani banki a birnin Zurich, sannan a 2014 ya shiga majalisar wakilai mai kujeru 200 a ƙarƙashin jam'iyyar SVP, wadda ta fi kowace yawan kujeru. Kujerar da ya hau kuwa ta Christoph Blocher ce, attajirin da ake ɗauka a matsayin uban jam'iyyar.

To, me ya kai ma'aikacin banki majalisa? Amsar tana cikin abin da ya sami bankunan ƙasar a wancan lokacin. Tun 1934 doka ta mai da tona asirin mai ajiya laifin da ke iya kai ma'aikacin banki gidan yari. A 2009 wannan katanga ta fara tsagewa: bankin UBS ya biya Amurka tarar dala miliyan 780 kan taimaka wa Amurkawa ɓoye dukiya daga masu haraji, gwamnati kuma ta yarda ta riƙa ba wasu ƙasashe bayanai. Zuwa 2018 har an fara musayar bayanan kai tsaye. Matter ya ga an rasa ta waje, sai ya tashi kare ta cikin gida. A tsarin ƙasarsu, in ka tara sa hannun mutum 100,000 cikin wata 18, dole a kira ƙuri'ar raba gardama kan gyaran tsarin mulki. Shi da abokansa sun tara fiye da haka, suka miƙa a 2014, suna neman a rubuta sirrin asusun mazauna ƙasar a cikin tsarin mulki. Ba a kai ga ƙuri'a ba. Da gwamnati ta jingine shirinta na ba masu haraji damar leƙa asusun 'yan ƙasa, sai suka janye buƙatar a farkon 2018, don sun sami abin da suke so.

Zan faɗi gaskiya, hujjarsa ba ta banza ba ce. Cewa yake yi kamata ya yi hukuma ta yarda da ɗan ƙasa, kada ta riƙa kallon kowa kamar ɓarawo. Mu da muke roƙon rufin asiri safe da yamma ai mun san daɗin wannan magana. Ba na son shugaban makarantarmu ya san nawa ya rage a asusuna ranar 20 ga wata, balle wani jami'i da ban sani ba. Kuma a yi masa adalci: buƙatar tasa ta shafi mazauna Suwizalan ne kaɗai, ba ta ce a ɓoye kuɗin shugabannin Afirka ba. Haka nan bai ɓoye sana'arsa ba. 'Yan majalisar ƙasar suna ci gaba da ayyukansu na yau da kullum, amma dole kowa ya bayyana kamfanonin da yake da muƙami a cikinsu. Masu zaɓensa sun san mai banki suka zaɓa.

Sai dai akwai wurare biyu da na rabu da shi.

Na farko, wannan sirri yana da tarihi, kuma mu a wannan nahiya mun biya kuɗinsa. Bayan mutuwar Janar Sani Abacha a 1998, an gano ɗaruruwan miliyoyin daloli a bankunan Suwizalan. Ƙasar ta mayar wa Najeriya kimanin dala miliyan 700, sannan a ƙarshen 2017 aka sa hannu kan mayar da wasu miliyan 321. Na Mobutu kuwa, bayan shekara 12 a daskare, a 2009 aka saki abin da ya rage ga magadansa, mutanen Kwango ba su ga ko sisi ba. Ba Matter ne ya karɓi waɗannan kuɗaɗe ba, ban kuma ce shi ba ne. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk dokar da ta hana a tambayi inda kuɗi ya fito, wanda ya fi cin moriyarta shi ne mai abin ɓoyewa. Ni da nake koyar da yara a ajin da uku ke raba benci ɗaya, ba zan iya jin kalmar sirrin banki kamar yadda mutumin Zurich ke jin ta ba. Rufin asiri na mai mutunci ne, wanda ba ya son a ga gazawarsa. Abin da ake yi wa ɓarawo sunansa rufa-rufa.

Na biyu shi ne ya fi taɓa ni. Jam'iyyar da Matter yake cikin manyanta ita ce ta mara baya ga ƙuri'ar Nuwamban 2009 wadda ta hana gina hasumiyar masallaci, da rinjayen kashi 57.5 cikin 100, alhali hasumiya huɗu ce kacal a duk ƙasar. Ita ce kuma ta goyi bayan ƙuri'ar Maris 2021 da ta hana rufe fuska a bainar jama'a, wadda ta tsallake da ƙyar, da kashi 51.2. Musulmi a can ba su fi kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba. To jama'a, ku duba: hukuma ba ta da ikon leƙa asusunka, amma tana da ikon faɗa wa mace abin da za ta sa a fuskarta? Idan da gaske ne ana so hukuma ta yarda da ɗan ƙasa, ai yardar ba ta tsaya a ƙofar banki ba. 'Yancin da ke kare aljihun mai kuɗi ya bar ibadar marasa rinjaye, wannan gata ne, kuma duk wanda ya taso a zango ya san bambancin.

Ba na cikin masu cewa attajiri ya nisanci siyasa. A ƙasashenmu ma masu bankuna da 'yan kasuwa suna ta fitowa takara, wasu har da buhunan shinkafa da alkawarin gyara masallaci. Haƙƙinsu ne su fito. Namu haƙƙin shi ne mu yi musu tambayoyin da rayuwar Matter ta koya mana. Wace sana'a ka baro, kuma ka baro ta ɗin da gaske? Wace doka za ka fara taɓawa in ka shiga, kuma wa za ta amfana? 'Yancin da kake wa'azi a kai, ya haɗa da mu ko ya tsaya a kanka? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba mu amsa.

Akwai kuma abin koyi a wurinsa, ko da ba mu yarda da manufarsa ba. Da ya ga abin da yake ƙauna zai salwanta, bai tsaya ƙorafi a majalisar shayi ba. Ya karanci dokar ƙasarsa, ya nemi abokan tafiya, ya tara sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke marasa rinjaye a inda muke zaune mun fi shi bukatar wannan haƙuri. Mu yi rajistar zaɓe, mu halarci zaman majalisun gundumominmu, mu sa 'ya'yanmu su karanta tsarin mulkin ƙasarsu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya kuma tona na masu cin amanar jama'a.