A haɗa kai kan cibiya ɗaya, amma a fara da maganar albashi

Edita,

Ka ba ni fili in yi tsokaci a kan kuɗin da jihohin Arewa maso Yamma ke kashewa wajen ilimi mai zurfi, da shawarar da nake ganin ta dace: jihohin bakwai su haɗu su kafa cibiya ɗaya ta fannonin da ke cin kuɗi.

A yau kowace jiha da tata jami'ar. Kano na da ta Wudil tun 2001, ta ƙara ta Northwest a 2012. Kaduna ta kafa tata a 2004, Katsina da Kebbi a 2006, Sakkwato a 2009, Jigawa ta Kafin Hausa a 2013, Zamfara kuma ta Talatar Mafara a 2018. Ban ce a rufe ko ɗaya ba. Sai dai kowacce na son ta koyar da likitanci da injiniyanci, alhali waɗannan ne ke buƙatar asibitin koyarwa da ɗakunan gwaji da na'urori masu tsada, da farfesoshin da ba su da yawa. Shi ya sa za ka ga malami ɗaya yana zagaya jami'o'i a matsayin baƙon malami, yau yana nan gobe yana can. Da an tara kayan da mutanen wuri guda, da kowace jiha ta samu sauƙi a kasafinta.

To, amma sauƙin ba a inda gwamnoni ke hangensa yake ba. Gini sau ɗaya ake yi, kuma hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu kan taimaka da shi. Abin da TETFund ba ta biya shi ne albashi. Shi kuwa albashi kowane wata yana tafe, ga man janareta, ga gyaran na'urori, ga fansho nan gaba. Gwamna yana son ranar aza harsashi da ranar yanke zare, amma wahalar tana ga wanda zai gaje shi.

Mun ga yadda tarayya irin wannan ta kaya a Kudu maso Yamma. Jami'ar LAUTECH da ke Ogbomoso an kafa ta ne a 1990, da aka cire Osun daga Oyo a 1991 sai ta zama mallakar jihohin biyu. Da kuɗi ya yi ƙaranci, kowace jiha ta riƙa ɗora wa 'yar'uwarta laifi, albashi ya maƙale, yajin aiki ya zaunar da ɗalibai a gida wata da watanni a 2016 da 2017. A ƙarshe, a Nuwamban 2020, aka raba gari, Oyo ta riƙe jami'ar ita kaɗai. Mu ma nan Arewa mun ɗanɗana. Jami'ar Ahmadu Bello gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta a 1962. Bayan Janar Gowon ya raba Arewa gida shida a 1967, jihohin ne suka ci gaba da ɗaukar nauyinta ta hannun hukumarsu ta haɗin gwiwa, ICSA, har Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975.

Don haka kafin a yi gardamar garin da za a kai cibiyar (na san a nan za a fi ɓata lokaci), a zauna a kan kuɗi. Kowace Majalisar Dokoki ta kafa doka iri ɗaya, ta yadda za a riƙa cire kason jiha kai tsaye daga rabon da take samu daga asusun tarayya kafin kuɗin ya iso hannun kwamishinan kuɗi. Kason ya bi yawan guraben ɗaliban da jiha ta nema, jihar da ta karɓi baƙunci kuma ta ƙara wani abu, tunda kasuwarta da masu gidajen hayarta ne za su amfana. A rubuta tun yanzu yadda za a raba kadara da ma'aikata idan wata jiha ta ce ta fita.

Ina kira ga 'yan majalisunmu, duk ranar da aka kawo musu irin wannan ƙuduri, su nemi a nuna musu lissafin albashi na shekara goma kafin su amince da kuɗin bulo ko guda.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Zariya.