Kakar wasan ɗalibai: Darasin da Hadejia za ta ɗauka daga masu ƙwallon gora a kan ƙanƙara

A ranar 12 ga Afrilun 2025, a birnin St. Louis na Amurka, ɗaliban Jami'ar Western Michigan suka lallasa takwarorinsu na Jami'ar Boston da ci 6-2, suka ɗaga kofin ƙwallon gora na kan ƙanƙara na jami'o'in ƙasar, ɓangaren maza.

Wannan ne karon farko da makarantar ta ci kofin, bayan kimanin shekara 50 tana fafatawa a babban rukuni. Kwana biyu kafin nan ta fitar da Jami'ar Denver, mai riƙe da kofin 2024, wadda ta ci shi sau 10 a lokacin.

Jami'ar tana garin Kalamazoo, wanda mutanen cikinsa ba su kai dubu 80 ba.

A irin wannan lokaci na Afrilu zafi a Hadejia kan haura digiri 40, kuma ƙanƙarar da aka sani ita ce ta masu sayar da ruwan sanyi da zoɓo. Don haka babu mai cewa a kawo wannan wasa bakin Kogin Hadejia.

Sai dai labarin ya tayar da tambayar da ta shafe mu kai tsaye: me ya sa ɗalibin da ke karatu a Hadejia ko Kafin Hausa ko Gumel zai gama makaranta bai taɓa sanin kakar wasa mai farko da ƙarshe ba?

Yadda kakarsu take tafiya

Wasan shi kansa mai sauƙin fahimta ne. Mutum shida-shida ne a fili har da mai tsaron raga, suna sulu a kan takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Ana buga zango uku, kowanne minti 20.

Abin lura shi ne tsarin. Makarantu fiye da 60 ne a babban rukunin hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, kuma an raba su gida-gida, kowace makaranta da abokan karawarta na kusa.

Ana fara kaka a watan Oktoba, a kammala a Afrilu. Mafi yawan wasannin ana yin su ne daren Juma'a da Asabar, domin kada su ci lokacin aji. Kowace ƙungiya kan buga wasa sama da 30 kafin a zaɓi 16 da za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, har a kai ga huɗun ƙarshe da ake kira Frozen Four.

Tun 1948 ake wannan gasa. Ana fitar da jadawali watanni kafin a fara, ɗan wasa ya san ranar da zai yi tafiya, mai kallo ya san ranar da zai sayi tikiti. Wanda makinsa ya faɗi a aji kuma dokar hukumar ta hana shi shiga fili.

Yanayi ma bai hana su ba. Jami'ar Jihar Arizona tana cikin hamada, amma tana da ƙungiya a babban rukunin, saboda a cikin zaure ake daskarar da filin da injina. Kuɗi ne ya yi wannan. Amma jadawalin da ba ya motsi, wannan shawara ce da riƙon alkawari.

Mu biki muke yi

A Najeriya tsarin ya sha bamban. Jami'o'i suna da gasar NUGA wadda aka fara a Ibadan a 1966, kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma NICEGA.

Dukkansu bukukuwa ne na kwanaki: a taru a makaranta guda, a yi kusan mako biyu ana gwabzawa, a raba lambobi, kowa ya kama gabansa.

Ko bikin ma ba ya zuwa a kan kari. Bayan NUGA ta 2017 a Makurdi, sai a 2022 aka sake haɗuwa a Jami'ar Legas. Ɗalibin da ya shiga jami'a bayan ta Makurdi, ya yi digirin shekara huɗu, yana iya fita bai ga ko ɗaya ba.

Ga kuma yajin aiki. Na ƙungiyar ASUU a 2020 ya kai wata tara, na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Idan makaranta a rufe take, ƙungiyar wasanta ma a watse take.

An gwada wata hanyar. A 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu, HiFL, wadda ake bugawa gida da waje. A 2021 Jami'ar Maiduguri ce ta ɗaga kofin. Wannan ya nuna cewa ɗaliban Arewa ba hazaƙa suka rasa ba. Amma gasa ta ƙasa baki ɗaya tana buƙatar dogayen tafiye-tafiye da masu ɗaukar nauyi, kuma makarantu kaɗan ne ke kaiwa matakin da ake kallo.

Sakamakon haka, abin da ɗalibi ke samu a mafi yawan makarantu shi ne gasar sassa ko kofin shugaban makaranta, na 'yan makonni. Wanda ya yi fice a nan ba shi da mataki na gaba da zai taka.

Kalandar da kogi ke rubutawa

A ƙasar Hadejia akwai wani mai tsara lokaci da ya fi kowace hukuma ƙarfi, wato kogi.

Ruwan Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Hadejia, kuma madatsun Tiga da Challawa ne ke riƙe da shi daga sama. Idan damina ta yi ƙarfi, ruwan ya sauko ya tarar da hanyoyinsa sun cushe da yashi da ciyawar kacalla, sai ya bazu cikin gonaki da garuruwa.

An ga haka a 2018 da 2020, sannan a 2022 aka ga wadda ta fi muni a shekarun baya-bayan nan. Hanyoyi sun yanke, makarantu da dama sun zama matsugunin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu, matasan Hadejia kuma suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kare gari.

Ke nan daga Agusta zuwa Oktoba ba lokacin da za a dogara da shi ba ne. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu kuma zafi ba ya barin a yi gudun minti 90 da rana ba tare da haɗari ba.

Abin da ya rage shi ne tsakanin Nuwamba da Fabrairu: ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, hunturu ya sauko. Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Dambe da kokawa bayan girbi ake yin su, lokacin da rumbu ya cika, jiki ya samu ƙarfi. Ba banza ba kalmar da muke kiran lokacin girbi da ita ce muke kiran zangon wasa, wato kaka.

Sai dai wannan tagar ma tana da masu neman ta. A watannin ne ake girbin shinkafa, ake shuka alkama, ake shiga noman rani a fadamu da filayen aikin ban-ruwa na kwarin Hadejia da ke Auyo. Ɗalibai da yawa a yankin manoma ne, kuma daga gonar kuɗin makaranta ke fitowa.

Ga azumi kuma. Yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ana sa ran na 2027 zai kama a farkon Fabrairu, a shekarun da ke biye kuma zai shigo Janairu da Disamba. Duk mai tsara gasa a nan dole ya yi lissafi da wannan, ko dai a gama kafin a ga wata, ko a koma buga wasa bayan tarawihi, wanda ke buƙatar fitilu a fili.

Makarantun na nan kusa da juna

Abin da Jigawa ke da shi wanda ba a cika lura da shi ba shi ne yawan manyan makarantu a tazarar da mota za ta je ta dawo a yini guda.

A Hadejia akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, wadda a da kwalejin aikin gona ce. A Kafin Hausa akwai Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a 2013. Gumel na da Kwalejin Ilimi ta jiha. Dutse na da Jami'ar Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. Kazaure na da Kwalejin Hussaini Adamu ta tarayya, Ringim kuma Kwalejin Ilimi da Nazarin Shari'a.

Matsalar ita ce kowacce tana kallon uwar ƙungiyarta ta ƙasa. Jami'a na jiran NUGA, kwalejin fasaha na jiran NIPOGA, kwalejin ilimi na jiran NICEGA. Maƙwabta ne, amma tsarin bai tanadar musu haɗuwa a kai a kai ba.

Lissafin ba shi da wuya. Makarantu shida da za su kara gida da waje, kowacce wasa 10 za ta buga. Idan wasa ɗaya ake yi duk Asabar, mako 10 ke nan. A fara tsakiyar Nuwamba, a gama ƙarshen Janairu.

Idan hakan ya yi yawa a farko, akwai ƙaramin misali daga masu ƙanƙarar. A birnin Boston makarantu huɗu ne kacal ke buga gasar Beanpot tun 1952, a ranakun Litinin biyu na farkon Fabrairu. Wasa biyu kowace makaranta ke bugawa, amma birnin kan cika ya batse. Daɗewa ce ta ba ta daraja.

Filin wasa ma ba daga tushe za a fara ba. Filin Hadejia ya taɓa zama gidan Jigawa Golden Stars, kuma mutanen garin sun san daɗin kallon babbar gasa. Lokacin da ƙungiyar ta faɗo daga gasar ƙwararru a 2021, a Kaduna take buga wasanninta na gida, nesa da masu goya mata baya. Gasar ɗalibai za ta iya mayar da 'yan kallo kan benci, ta kuma zama wurin da ƙungiyar jiha za ta riƙa tsintar sababbin 'yan wasa.

Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba

Ƙwallon ƙafa ce za ta ja jama'a, amma bai kamata a tsaya a kanta ba.

Ƙwallon gora ta kan ciyawa, 'yar'uwar ta ƙanƙara, tana da tushe a Arewa. Akwai Kada Stars a Kaduna, Niger Flickers a Minna, da Yobe Desert Rollers a maƙwabciyar Jigawa ta gabas. A 2022 tawagar maza ta Najeriya ta zo ta uku a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Accra.

Langa da kokawa ba sa buƙatar kayan waje, kuma ana yin su a gasar wasanni ta ƙasa. Yaran Guri da Kiri Kasamma da suka tashi da kwalekwale da iyo suna da abin da ɗan birni sai ya biya kuɗi ya koya. Ɗalibai mata ma suna da haƙƙi a jadawalin, a wasannin da makarantu da iyaye za su aminta da tsarinsu.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu ganin wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Makarantu na fama da ƙarancin ɗakunan kwana da kayan gwaje-gwaje, manomi na lissafin asarar ambaliya, ina aka ga kuɗin motar 'yan ƙwallo?

Hujja ce mai nauyi. Tsarin Amurka ma yana da nasa ciwon, domin kuɗi sun yi masa yawa har ana muhawara a kan ko 'yan wasan ɗalibai ne ko ma'aikata. Babu wanda ke son makaranta ta zama kulob.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikelin.

Na farko, a mafi yawan manyan makarantun ƙasar nan ɗalibi na biyan kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista. Yana da haƙƙin ya ga abin da aka yi da su, kuma jadawalin da aka buga aka liƙa shi ne hanya mafi sauƙi ta nuna hakan.

Na biyu, zaman banza ma yana da tsada. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Wasa ba magani ba ne shi kaɗai, amma matashin da ke da atisaye da yamma da wasa ranar Asabar, kuma ya san faɗuwa jarrabawa za ta cire shi daga tawaga, yana da dalilin kiyaye kansa.

Wa zai fara?

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ya san hanyoyin nan da lokacin da ruwa ke yanke su. Masarautar Hadejia ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje tana da ƙananan hukumomi takwas da kuma girman da za ta sa kofi a ɗauke shi da muhimmanci. 'Yan kasuwar shinkafa da kifi da riɗi na da abin da za su tallata a bakin fili.

Amma matakin farko na hannun shugabannin makarantun ne da daraktocin wasanninsu: su zauna tun kafin damina ta ƙare, su daidaita ranakun jarrabawa da hutu, su amince cewa mai katin ɗalibi na gaskiya ne kaɗai zai buga, su fitar da ranaku.

Kakar farko za ta yi tuntuɓe. Wata mota za ta lalace a hanya, wani fili zai zama ƙura zalla, wata makaranta za ta shigo da ɗan haya a kama ta. Ma'aunin nasara shi ne a kai wasan ƙarshe a ranar da aka sa, sannan Nuwamba mai zuwa a sake busa usur.